Babi na 7 ko Babi na 13: Wace Ƙofa Ce Ta Dace da Wanda Bashi Ya Yi wa Katutu a Amurka?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a Amurka maganar ta fi ko'ina tabbata, domin gida da mota da karatu da jinya kusan duka a kan bashi ake yin su. Muddin albashi yana shigowa, ana tafiya ba tare da an ji nauyin kayan sosai ba. Amma ranar da aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da mai gida na wata uku, ko aure ya mutu aka koma riƙe gida biyu da samun da a da yake riƙe ɗaya, sai kuɗin ruwa ya fara hawa kan kuɗin ruwa, wayar masu karɓar bashi ta hana mutum sakat, daga bisani sammaci ya iso. Idan mai bin bashi ya yi nasara a kotu, dokar tarayya ta yarda a zaftare har kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage a albashi bayan an cire haraji. A wannan gaɓa ce mutane da dama suke tunanin kai kansu kotun karayar arziki, inda ake ajiye musu ƙofofi biyu: Babi na 7 da Babi na 13 na dokar karayar arziki ta tarayya, wadda aka kafa a 1978 aka kuma yi mata babban gyara a 2005.

Abin da yake damuna shi ne ma'aunin da akasarin mutane suke zaɓe da shi. Sun ji cewa Babi na 7 yana zama a rahoton bashin mutum (tarihin cin bashinsa da biyansa, wanda masu ba da bashi suke dubawa) shekara 10, Babi na 13 kuwa shekara 7, sai su ga ai ƙaramin tabo ya fi babba, su rungumi na 13. Wasu kuma kunya ce take ja musu gora, suna ganin wanda ya biya wani abu ya fi mutunci a kan wanda aka share masa baki ɗaya. A ganina tambayoyin da ya kamata su yanke hukunci biyu ne: shin akwai wata kadara da kake son ceto wadda Babi na 7 zai raba ka da ita, kuma shin samunka zai ɗore ba yankewa har shekara 3 zuwa 5? Bambancin shekarun rahoto yana da muhimmanci, amma ya zo a bayan waɗannan.

Akwai abubuwan da ƙofofin biyu suka yi tarayya a kai. Daga lokacin da aka shigar da takarda a kotu, umarnin dakatarwa yana fara aiki da kansa: kiran waya ya tsaya, ƙarar da ake yi ta tsaya, zaftare albashi ya tsaya, gwanjon gida ma ya dakata. Kafin shigarwa dole mutum ya halarci zaman shawara kan bashi a wata cibiya da hukuma ta amince da ita cikin kwana 180 da suka gabata, sannan ya yi wani darasi na biyu kan sarrafa kuɗi kafin kotu ta sallame shi, wato ta share masa bashin da ya cancanta. Ba a shardanta zama ɗan ƙasa ba. Ya wadatar mutum yana zaune a Amurka, ko yana da kasuwanci ko kadara a cikinta. Sai dai an shardanta gaskiya ƙwarai da gaske. Duk abin da mutum ya mallaka sai ya rubuta shi, ko a ina yake a duniya, har da fili ko gida ko asusun banki da ke wata ƙasa. Ɓoye kadara babban laifi ne da zai iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5, ban da hana mutum sallamar da ya zo nema.

Babi na 7 hanya ce gajera. Kotu tana naɗa amintaccen wakili ya duba dukiyar mutum, ya sayar da abin da doka ba ta kare ba, ya raba wa masu bin bashi, sauran bashin da ya cancanta kuma a share shi. Kalmar “sayarwa” ita ce take firgita mutane, amma a zahiri yawancin masu shiga wannan ƙofa ba a sayar musu da ko tsinke, domin doka ta keɓe wasu kadarori da ba a taɓawa: tufafi da kayan ɗaki, kayan sana'a, mota har zuwa wani ƙima, wani kaso na darajar gidan zama, da kuɗin fansho irin na asusun 401(k). Iyakar wannan kariya ta bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Teksas da Fulorida suna kare gidan zama komai darajarsa, da sharaɗin faɗin filin da kuma daɗewar mallaka, alhali wasu jihohin suna kare ɗan kaɗan ne kawai.

Kimanin wata ɗaya bayan shigarwa akan kira zaman masu bin bashi, wanda lauyoyi suke kira zaman 341 saboda lambar sashen dokar. Mutane sukan kwana ba barci saboda shi, amma ga yadda yake: babu alƙali a wurin, kuma a yanzu akasari ta bidiyo ake yi. Wakilin kotu zai nemi katin shaida da shaidar lambar tsaron zamantakewa (lambar da gwamnatin Amurka take ba mutum don aiki da haraji), ya rantsar da mutum, ya tambaye shi ko ya karanta takardun kafin ya sa hannu, ko ya lissafa duk kadarorinsa, ko ya ba wani kyauta ko ya sauya sunan wata dukiya a 'yan shekarun nan, ko yana jiran gado ko diyya. Sau da yawa ba a wuce minti goma, kuma masu bin bashin ba su cika zuwa ba. Idan babu wanda ya ɗaga ƙorafi, takardar sallama tana fitowa bayan kusan wata 4 da shigarwa. Kuɗin kotu dala 338 ne, ana iya biya kashi-kashi, kuma ana iya yafe shi ga wanda samunsa bai kai kashi 150 cikin 100 na layin talauci ba.

Ba kowa ne ake bari ya shiga ba. Gyaran 2005 ya kawo awon samu, inda ake ɗaukar matsakaicin kuɗin shigar mutum na wata 6 kafin shigarwa, a gwada shi da matsakaicin samun iyali mai yawan mutane irin nasa a jiharsa. Wanda samunsa yake ƙasa da wannan matsakaicin ya ci awon. Wanda ya haura sai a cire masa kuɗaɗen rayuwa da doka ta amince da su, in har abin da ya rage ya isa a biya wani kaso mai tsoka, sai a nuna masa ƙofa ta biyu. Saboda awon na wata 6 ne, lokacin shigarwa yana da tasiri: wanda ya rasa aiki mai albashi mai kauri a watan jiya zai iya faɗuwa awon yau, ya ci shi bayan wata uku.

Babi na 13 kuwa doguwar tafiya ce. Mutum yana riƙe duk kadarorinsa, amma ya gabatar da tsarin biya, ya riƙa miƙa wa wakilin kotu wani adadi kowane wata, shi kuma ya raba. Wanda samunsa yake ƙasa da matsakaicin jiharsa yakan yi shekara 3, wanda ya haura yakan yi 5. Biyan farko yana farawa cikin kwana 30 da shigarwa, tun kafin alƙali ya tabbatar da tsarin. Kuɗin kotu dala 313 ne, wakilin kuma yana cire ladansa, wanda zai iya kaiwa kashi 10 cikin 100 na abin da ya bi ta hannunsa. Ƙa'idar ita ce masu bin bashi marar jingina ba za su sami ƙasa da abin da za su samu ba da a ce an bi Babi na 7, kuma duk rarar samun mutum tana shiga tsarin. Abin da ya rage na irin wannan bashi a ƙarshen wa'adi shi ake sharewa.

Ƙarfin wannan babi yana wurin gida. A ɗauka magidanci yana biyan dala 1,500 a wata na bashin gida, ya yi jinya ya tsallake wata 8, bashin baya ya taru ya kai dala 12,000, banki ya sa ranar gwanjo. Yanzu ya warke ya koma bakin aiki, yana iya biyan na wata-wata, amma ba shi da dala 12,000 a dunƙule. Babi na 7 zai jinkirta gwanjon na ɗan lokaci ne kawai, domin sallamar kotu tana sauke nauyin bashi daga wuyan mutum amma ba ta warware jingina, kuma banki zai nemi izinin ci gaba. A Babi na 13 ana raba dala 12,000 ɗin a kan wata 60, wato dala 200 a wata ban da ladan wakili, a haɗa da biyan da aka saba, kuma banki ba shi da ikon ƙin karɓa matuƙar alƙali ya amince. Ga irin wannan mutum babu wata muhawara. Haka nan wanda za a ƙwace wa motar da yake neman abinci da ita, ko mai bashin haraji na kusa wanda yake buƙatar a shimfiɗa masa shi a kan shekaru.

Raunin babin kuma yana wurin tsawonsa. Shekara 5 ba kwana biyu ba ce a rayuwar mai ƙaramin ƙarfi: mota takan lalace, aiki yakan ragu, haihuwa takan zo, ciwo yakan dawo. Fiye da rabin tsare-tsaren Babi na 13 ba sa kaiwa ga sallama. Idan aka kori shari'ar saboda rashin biya, umarnin dakatarwa yana faɗuwa, masu bin bashi su dawo da kuɗin ruwan da ya taru, mutum ya tashi a tutar babu: bashin yana nan, tabon karayar arziki kuma yana kan rahotonsa. Ana iya neman a gyara tsarin ko a juya shari'ar zuwa Babi na 7, kuma wanda ya ga ƙafarsa ta fara zamewa ya kamata ya gaya wa lauyansa tun kafin ya tsallake biya, amma mutane da yawa sukan yi shiru har igiya ta tsinke.

Akwai wani dalili da yake tura talaka ƙofar da ba tasa ba, kuma ya cancanci a faɗe shi a fili. Lauyan Babi na 7 yakan nemi kuɗinsa gaba ɗaya kafin ya shigar da takarda, domin in ya bari sai bayan shigarwa, nasa bashin ma zai iya shiga cikin waɗanda za a share. Lauyan Babi na 13 kuwa yana iya zuba kuɗinsa a cikin tsarin biya, ya karɓi kaɗan ko ma ba komai a farko, duk da cewa jimillar kuɗin ta fi yawa. Mutumin da ake zaftare wa albashi, ba shi da ko sisi a ajiye, sai ya ga wannan ne sauƙi, ya ɗaure kansa shekara 3 ko 5 alhali ba shi da gida ko wata kadara da yake cetowa. Duk wanda aka ba shawarar Babi na 13 yana da haƙƙin ya tambaya kai tsaye: mene ne zan rasa in na bi Babi na 7? Idan amsar ba ta ambaci takamaiman kadara ko takamaiman bashi ba, ya nemi ra'ayin lauya na biyu ko ofishin taimakon shari'a na kyauta.

Yanzu ga batun rahoton bashi. Manyan kamfanoni uku ne suke riƙe da shi, Equifax da Experian da TransUnion, kuma makin FICO, wato ma'aunin cancantar mutum a ba shi bashi da bankuna suka fi dubawa, yana tsakanin 300 da 850. Shekara 10 da shekara 7 ɗin nan duka daga ranar shigar da takarda ake ƙirga su, ba daga ranar sallama ba. Wanda ya bi Babi na 7 ya fita cikin wata 4, bashinsa ya koma sifiri, ya fara gina sabon tarihi nan take. Wanda ya bi Babi na 13 yana cikin shari'a har shekara 5, ba ya iya cin sabon bashi mai nauyi sai da izinin wakili ko kotu, kuma idan ya fita saura shekara 2 tabon ya goge. Ma'ana, na farko yana ɗauke da tabo mai daɗewa amma hannunsa a sake yake, na biyu tabonsa gajere ne amma hannunsa a ɗaure yake mafi yawan lokacin.

Sannan nauyin tabon yana raguwa da tsufansa. Kashi 35 cikin 100 na makin FICO ya rataya ne a kan tarihin biya, kashi 30 a kan yawan bashin da ke kan mutum. Wanda ya zo kotu bayan wata da watanni yana tsallake biya, makinsa ya riga ya zube tun kafin ya shigo, kowane jinkiri kuma yana da nasa shekara 7 a rahoto, saboda haka abin da karayar arziki za ta ƙara masa na lahani bai kai yadda yake tsoro ba. Wanda yake faɗuwa da ƙarfi shi ne mai maki mai kyau da ya shiga kotu kwatsam. Bayan sallama, hanyar farfaɗowa sananniya ce: katin bashi mai ajiyar jingina, kashe kaɗan, biya cikakke a kan lokaci kowane wata. Tayin bashi ma yakan fara zuwa da wuri, domin kamfanoni sun san wanda aka sallama a Babi na 7 ba zai sake samun irin wannan sallama ba sai bayan shekara 8, sai dai kuɗin ruwan irin wannan tayi yakan yi tsada ƙwarai, kuma a nan ne wasu suke sake faɗawa ramin da suka fito.

Ga mai burin sayen gida, ƙa'idojin a bayyane suke. Bashin gida mai lamunin hukumar gidaje ta tarayya (FHA) yana buƙatar shekara 2 bayan sallamar Babi na 7, a Babi na 13 kuma ana iya samunsa bayan shekara 1 ta biya ba tsallakewa, da izinin kotu. Bashin da ke bin ƙa'idar Fannie Mae, kamfanin da yake sayen bashin gida daga hannun bankuna, yana buƙatar shekara 4 bayan Babi na 7, shekara 2 bayan sallamar Babi na 13, amma shekara 4 idan korar shari'ar aka yi. Wanda ya yi lissafi zai ga cewa mai tsarin shekara 5 zai kai shekara 7 kafin ya sami bashin Fannie Mae, mai Babi na 7 kuwa bai cika huɗu da rabi ba. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne duba rahoton bayan sallama. Kowane asusu da aka share ya kamata ya nuna sifiri. In har yana nuna ana bin mutum, sai ya rubuta ƙorafi ga kamfanin rahoton, wanda doka ta ba kwana 30 ya bincika.

Akwai basussukan da ba sa sharuwa ta kowace ƙofa: kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata ko tsohon miji, tarar laifi, diyyar wanda aka raunata da tuƙi cikin maye, bashin da aka ci da yaudara, da harajin samu na shekarun kusa. Bashin karatu ma ba ya sharuwa sai an shigar da ƙara ta daban an nuna cewa biyansa zai jefa mutum cikin ƙunci marar misali. Wanda mafi yawan bashinsa daga cikin waɗannan yake, ya sani cewa Babi na 7 ba zai sauke masa abin kirki ba, sai dai Babi na 13 ya ba shi lokaci da tsari.

Wasu za su ce a bar kotu gaba ɗaya a yi sulhu da masu bin bashi. Wannan yana da kyau ga mai bashi ɗaya ko biyu da ke da ɗan kuɗi a dunƙule, ko wanda zai iya biyan uwar kuɗi in cibiyar shawara marar neman riba ta samo masa ragin kuɗin ruwa. Amma sulhu ba shi da umarnin dakatarwa, ana iya kai mutum ƙara yana tsakiyar ciniki, kuma kamfanonin sulhu sukan ce a daina biya tukuna, abin da yake rusa makin da ake son karewa. Hukumar haraji ma tana iya ɗaukar bashin da aka yafe a matsayin samu, sai in mutum ya nuna bashinsa ya fi dukiyarsa a lokacin, alhali abin da kotun karayar arziki ta share ba a biyan haraji a kansa. Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya kwashe kuɗin fanshonsa, wanda doka ta riga ta kare, ya zuba wa katin bashi, sannan bayan shekara ɗaya ya zo kotun da yake gudu da hannu biyu wayam.

Saura batun mutanen da ke kusa. Idan ɗan'uwa ko aboki ya tsaya wa mutum a kan bashi, sallamar Babi na 7 ba ta shafe shi ba, kuma mai bin bashi zai juya kansa kai tsaye. Babi na 13 yana ba shi kariya a kan bashin amfanin kai muddin shari'ar tana tafiya, kuma ana iya tsara biyan wannan bashin gaba ɗaya don kada wuta ta kai gare shi. Wannan kaɗai ya isa dalili ga wasu, kuma dalili ne da nake girmamawa.

Sai dai a yi hattara da kyakkyawar niyya kafin shigarwa. Mutum yakan ce bari ya fara biyan yayansa dala 3,000 da ya ranta masa, kada zumunci ya ɓaci. Doka tana kallon wannan a matsayin fifita wani mai bin bashi a kan sauran, kuma wakilin kotu yana iya bin duk abin da aka biya dangi cikin shekara 1 kafin shigarwa ya karɓo shi, na sauran mutane kuma cikin kwana 90. Sakamakon shi ne yayan da aka so a kare shi ne zai sami wasiƙar wakili. Hanyar da doka ta bari a buɗe tana bayan shigarwa ne: babu abin da ya hana wanda aka sallama ya biya duk wanda ya ga dama da ransa, daga sabon samunsa, a lokacin da ya iya. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da barin haƙƙin wani a kansa ba zai iya rubuta sunan yayan a cikin takardun kotu kamar yadda aka wajabta, ya kira shi ya yi masa bayani tun kafin sanarwar kotu ta isa gare shi, sannan ya fara biyansa daga albashin da ya shigo bayan an gama shari'ar.